Yadda ake cike turmin da aka cire wa jijiya da kompozit mai zare

Babu abin da ya fi ƙona rai a aikin haƙori kamar ka zauna ka sha wahalar cire jijiyar turmi, ka laluɓo ramukan saiwa ɗaya bayan ɗaya, ka wanke, ka cike, hoto ya fito tas, sannan bayan wata biyar ko shida mutum ya dawo maka hannu a kunci yana cewa "likita, ƙashi na ɗan tauna sai na ji ƙas". Ka haska ka ga haƙori ya rabe biyu har cikin dasashi, babu sauran dabara sai cirewa. Kuɗinsa ya tafi, wahalarka ta tafi. Kuma in ka bi diddigi ba a cikin saiwa aka samu matsala ba, a sama ne, wajen cikon da aka ɗora. Toh shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ake wannan ciko da kompozit mai zare (kompozit shi ne farin cikon nan mai kalar haƙori da ake daskarar da shi da hasken fitila), musamman saboda ƙannenmu da suka fara aiki da ɗalibai, amma ko kai mai haƙorin ne ka karanta, za ka san abin da za ka tambayi likitanka.

Mu fara kawar da wata magana da aka daɗe ana yi, wai haƙorin da aka cire wa jijiya bushewa yake yi ya zama kamar busasshen kara, shi ya sa yake karyewa. Ba nan gizo ke saƙar ba. A 1992 Sedgley da Messer sun gwada haƙoran da aka yi wa aikin jijiya da takwarorinsu masu rai na ɗaya gefen bakin, ba su samu wani bambancin da zai sa a ce naman haƙorin ya yi rauni ba. Kafin nan ma a 1989 Reeh da Messer da Douglas sun auna ƙananan turame, suka ga aikin jijiyar shi kansa kusan kaso 5 cikin 100 kawai yake rage wa haƙori na ƙarfin tsayuwa, amma ramin da ya cinye katangar gaba da ta baya ya ratsa ta tsakiya, shi kaso 63 yake kwashewa. Ka ga kenan abin da ke karya haƙori shi ne abin da kogo ya cinye da abin da mu muka kankare da inji. In katangun nan biyu na tsakanin haƙora suka tafi, tuddan taunar da ke sama sai su zama kamar bango biyu a tsaye babu abin da ya ɗaure su, duk cizo sai sun ɗan buɗe, yau da gobe tsaga ta fara.

Maganin da aka sani tun da shi ne hula, wato kirawun, kuma ni ban zo in kushe ta ba. Binciken Aquilino da Caplan na 2002 a Iowa ta Amurka ya nuna haƙoran da aka cire wa jijiya ba a sa musu hula ba ana rasa su ninki shida fiye da waɗanda aka sa wa. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, mutum nawa ne a wajenmu suke dawowa sa hula? Da zarar ciwo ya lafa shikenan, ga kuɗin aikin jijiya da ya riga ya biya da ƙyar, ka ce masa ya sake kawo wani kuɗin na hula sai ya ce "toh likita sai na shirya", ka sake ganinsa sai ranar da ya fashe. Yana yawo da cikon wucin gadi wata da watanni, yawu yana tsiyaya ciki. Ray da Trope tun 1995 suka jawo hankali cewa kyawun cikon sama yana da babban tasiri a kan lafiyar ƙasan saiwa, don ƙwayoyin cuta ta sama suke komawa. Ga kuma ita hular sai an sassaƙe haƙori ta ko'ina kafin ta zauna, wani lokacin ɗan bangon da ya rage mai kyau shi za ka cinye. Nan ne kompozit mai zare yake da wurin zama: a zama ɗaya ka rufe haƙorin, ka ɗaure bangayensa, ba ka ƙara sassaƙa mai yawa ba.

Duk wanda ya taɓa ganin magina suna kwaɓa ƙasa ya san dalilin da ya sa ake zuba mata ramno. Ƙasa zalla in ta bushe ta fara tsagewa, tsagar tafiya take yi har ƙasa, amma in da ciyawa a ciki sai tsagar ta ci karo da sili ta tsaya ko ta karkace. Aikin zaren kenan a cikin kompozit, ba wani siddabaru ba. Kompozit na yau da kullum yana da tauri amma in tsaga ta kama shi wucewa take yi kai tsaye, shi kuwa mai zare yana riƙe ta. Kuma ko an zo ga karyewar, galibi sama-sama take tsayawa inda za a iya gyarawa, maimakon ta gangara cikin saiwa. Yawancin hujjar wannan daga gwajin ɗakin bincike ta fito, na bibiyar marasa lafiya shekaru masu yawa bai kai na hula yawa ba, don haka kar ka yi wa mutum alƙawarin har abada.

Iri biyu ne za ka fi haɗuwa da su. Akwai mai gajerun zaren gilas da aka riga aka cakuɗa cikin kompozit ɗin, wanda aka fi sani shi ne everX na kamfanin GC, asalinsa daga binciken su Farfesa Pekka Vallittu da Sufyan Garoushi a jami'ar Turku ta ƙasar Finlan. Mai kauri, everX Posterior, ya shigo kasuwa a 2013, mai ruwa-ruwa, everX Flow, a 2019. Sai kuma na biyu, ɗan ƙyalle saƙaƙƙe kamar siririn ribon, wanda aka fi sani Ribbond daga Siyatil ta Amurka, an yi shi da zaren foliyetilin irin wanda ake rigar sulke da shi, almakashin gida ma ba ya yanka shi da kyau sai nasa na musamman. Shi wannan ba cika rami yake ba, liƙa shi ake yi a jikin bango ta ciki ya zama ɗauri. Kana iya amfani da ɗaya, kana iya haɗa su biyun.

Kafin ka buɗe ko da kwali ɗaya, zauna ka kalli haƙorin da kyau, don rabin aikin a zaɓe yake. Cire duk tsohon ciko da duk inda ya ruɓe tukuna, sai abin da ya rage na gaskiya ya bayyana. Ƙirga bangaye, auna kaurinsu a gindi, ba da ido ba, da ma'auni. Turmin da ramin da aka buɗe don kaiwa ga jijiya kawai gare shi, ko ya rasa katanga ɗaya, sauran bangayen kuma sun kai milimita 2 ko fiye, wannan shi ne ɗan gatan wannan aiki. Wanda ya rasa katanga biyu ana iya yi masa, amma duk tudun da gindinsa bai kai milimita 2 ba kar ka bar shi a tsaye yana karɓar cizo, rage masa tsawo milimita 1.5 zuwa 2 ka rufe shi da kompozit ta sama. Ƙananan turamen sama su suka fi saurin rabewa saboda ƙirarsu, da su na fi tsananta wannan doka. Haƙoran gaba kuwa in ramin baya ne kawai, kompozit na kullum ya wadatar, kar ka ɓarnatar da kayan tsada.

Akwai kuma inda za ka haƙura. In ka ga tsaga ta ratsa ƙasan ɗakin jijiya ko ta gangara saiwa, zare ba zai ɗinke ta ba. In bakin ramin ya nutse can ƙarƙashin dasashi har ba za ka iya tsare shi daga jini da yawu ba, bondin, wato gam ɗin da ke liƙa ciko da haƙori, ba zai kama ba. In bango ɗaya ne ya rage ko babu, ko mutum mai cizon haƙora ne da dare har sun lafe, ko haƙorin zai ɗauki gada, wato a rataya masa haƙorin da zai cike giɓi, toh maganar hula ce ko onle, wato rufin da ake ƙerawa a waje a liƙa a saman haƙori, zaren sai dai ya zama ginshiƙin ciki. Kuma in har yanzu haƙorin yana ciwo ko yana fitar da ruwa, ba a gama da saiwa ba, kar ka yi gaggawar rufewa.

Toh an zaɓa. Abu na farko, kafin ka sa roba, ba shi takardar cizo ya ciza ka ga inda haƙoran suke haɗuwa, ka riƙe hoton a kanka, kuma ka zaɓi kala tun haƙorin bai bushe ya yi fari ba. Sai robar killace haƙori, roba dam. Na san wasu za su ce ai auduga da abin tsotsar yawu sun isa. Ba su isa ba wallahi, a turmin ƙasa na mutumin da harshensa ba ya zama wuri ɗaya, minti talatin kana bondin? Tun 1864 Sanford Barnum ya ƙirƙiro wannan roba a Niyok, har yau ba a samo abin da ya fi ta ba. In ba za ka iya sa ta ba gara ka canza shiri gaba ɗaya.

Yanzu sai share ɗakin jijiya, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci don ba wanda zai gani. Yanke gataparca, wato robar da aka cike saiwa da ita, daga bakin kowane rami ka nutsa kamar milimita 2, da ƙarfe mai zafi ko kan inji mara kaifi, ka danna ta ta zauna. Duk wani ragowar sila, wato man da ke liƙe gataparca a cikin saiwa, da ya shafe bango sai ya fita, ka goge da ɗan auduga mai sifirit har sai ka ga dentin, wato naman haƙori na ciki, tsaf yana ɗan sheƙi. In silar mai man kanumfari ce, wato yujinol, ko cikon wucin gadin da aka sa yana ɗauke da shi, ka ƙara kula sosai domin yujinol yana hana kompozit daskarewa yadda ya kamata, ka ɗan sabunta fuskar dentin ɗin da kan inji mai laushi. Haka ruwan haipokulorayit da muke wanke saiwa da shi, yana raunana kamun bondin in an yi nan take, shi ya sa wasu suke jiƙa wurin da sodiyam askobet mai kaso 10 kafin su ci gaba, in babu kuwa a wanke da ruwa sosai a sabunta fuskar. Mai injin feshin yashin alumina ya yi amfani da shi, yana share wurin fes. Sai ka toshe bakin ramukan da ɗan siririn gilas ayonoma, wani simintin ciko ne, ko kompozit mai ruwa. Ni na fi son mai kalar da ta bambanta da haƙori, saboda in wata rana an dawo sake aikin saiwa, wanda zai buɗe ya gane inda ramukan suke, ya yi maka addu'a maimakon tsaki.

Maganar fost, wato sandar da ake kafawa cikin saiwa: a turmi galibi ba ka buƙatarta. Ɗakin jijiyar turmi yana da faɗi da zurfi, shi kansa maƙali ne. Fost ba ya ƙara wa saiwa ƙarfi, riƙe ciko kawai yake, kuma garin fafe masa wuri ana iya huda saiwar ko a sirantar da ita, garin neman gira a rasa ido.

Sa bandin matiriks, wato siririn ƙarfen da ke zagaye haƙori ya zama maka bango, da weji, ɗan tsinken da ke matse shi a gindi, in da zoben da ke ɗan buɗa haƙora ya fi, ka tabbata bandin ya kama gindi babu inda ruwa ke ɓulɓulowa. Sai asid, fosforik mai kaso 35 zuwa 37, a kan inamel, wato farin ɓawon haƙori na waje, daƙiƙa 15 zuwa 30. In bondin naka mai cin dentin da kansa ne toh inamel kaɗai za ka sa wa asid, in kuma na wankewa ne dentin kar ya wuce daƙiƙa 15 kuma kar ka busar da shi ƙayau. Shafa bondin kana gogawa, ba ɗigawa kawai ba, kamar daƙiƙa 20, ka hura iska a hankali har ya daina motsi, kuma ka leƙa kusurwoyin ɗakin don nan yake taruwa ya yi kududdufi. Wajen haskawa ka tuna ƙasan ɗakin jijiya yana da nisa da bakin fitila, haske kuwa yana raguwa da nisa, don haka ninka lokacin. Wani abu kuma da ya shafe mu nan: fitilar da batirinta ya yi sanyi saboda an kwana biyu babu wuta tana iya ba ka shuɗin haske kamar kullum amma ƙarfin ya ragu, sama ta daskare ƙasa ɗanye. Caja ta, goge bakinta, in kana da abin auna ƙarfinta ka riƙa aunawa.

Daga nan sai ka fara gina katangar da ta ɓace, kuma da kompozit na kullum za ka gina ta, ba mai zare ba. Siririya, kamar milimita 1, jikin bandi, ka ɗaga ta har tsayin ta maƙwabcinta, ka haska. Yanzu ramin ya koma kamar akwati mai bango huɗu. Dalilin shi ne zaren ba a barin sa a waje ko ta ina, in ya haɗu da yawu yana shan ruwa, yana yin kaushi, datti ya maƙale, ba ya kuma gogewa ya yi santsi. Kamar ginin ƙasa ne dai, ramno a ciki, yaɓe a waje.

In za ka sa Ribbond yanzu ne lokacinsa. Auna tsawon da ɗan zaren sakace ko siririn foyil a cikin ramin, ka yanka daidai. Kar ka taɓa shi da yatsa ko da safar hannu kafin ya jiƙa, da hantsaki mai tsabta za ka ɗauka, saboda an gyara fuskarsa ne don ta kama resin, wato ruwan gam ɗin da ake yin kompozit da shi, maiƙo kaɗan ya ɓata ta. Jiƙa shi da resin zalla wanda ba shi da gari a ciki, ka tsane rarar, ka kare shi daga hasken fitilar kujera. Shafa kompozit mai ruwa siriri a jikin bangayen ta ciki, kar ka haska tukuna, ka kwantar da ƙyallen a kai ka bi shi da ƙarfe kana dannawa har ya lafe jikin dentin, iya matsewar da za ka iya, don amfaninsa yana cikin kusancinsa da bango, in yana iyo a tsakiyar kompozit an yi ba a yi ba. Ana iya sa guda biyu su zagaye ramin bakinsu ya hau kan juna, wannan salon Deliperi da Alleman da Rudo suka bayyana a 2017, ana kuma iya shimfiɗa ɗaya daga bangon kunci ya bi ƙasa ya hau bangon harshe. Ko wanne ka yi, ya tsaya ƙasa da bakin rami da kamar milimita 1.5 zuwa 2. Sai ka haska ta kowane gefe. Gaskiya karon farko zai ba ka haushi, yana tashi yana manne wa ƙarfe, gwada a cirarren haƙori sau biyu uku kafin ka kai shi bakin mutum.

Sai cika cikin da mai gajeren zare. everX Posterior kamfanin ya ce har kaurin milimita 4 a shafi ɗaya, everX Flow kalar balk, wato ta cika rami da yawa a tashi ɗaya, har 5.5, kalar dentin kuwa 2 kacal, kar ka rikita su. Amma ni a ɗakin jijiya ba na kai wa iyakar nan, shafin farko ina yin sa siriri saboda nisan fitila da kuma jan da kompozit ke yi wa bango in yana daskarewa, ramin nan mai bango ta ko'ina shi ya fi kowane shan wannan ja. Mai kaurin yana da ɗan taurin kai, ka danna shi sosai da abin dannawa kar ya bar iska a kusurwa. Mai ruwan kuma ka nutsa bakin sirinji a ƙasa kana ɗagowa a hankali, kar ka ɗiga daga sama. Ka riƙa auna sararin da ya rage da ma'auni, dole ka bar milimita 1 zuwa 2 a sama ta ko'ina, ni na fi son 2 a inda ake tauna. Kuskuren da aka fi yi kenan, a cika mai zaren har ya kusa baki, a shafa ɗan siririn kompozit, wajen gyaran cizo a kankare shi zaren ya leƙo.

Rufin sama da kompozit na turame mai jure tauna, tudu ɗaya bayan ɗaya, kana haska kowanne, kar ka haɗa bangon kunci da na harshe da dunƙule ɗaya. In ka rage tudu ka rufe shi, ka tabbata kaurin rufin ya kai abin da ka rage. Cire bandi, ƙara haske ta gefen kunci da ta gefen harshe, cire roba. Sai takardar cizo, kuma nan ka natsu: haƙorin da ba shi da jijiya ba ya jin nauyi kamar mai rai, ga allura ta kashe wurin, mutum zai ce maka "daidai ne likita" alhali ya yi tudu. Sa shi ya ciza, ya goga hagu da dama, ya turo gaba, duk inda cikon yake karo shi kaɗai ka sauke. Wuce da zaren sakace ka ji ya yi ɗan ƙas ya shiga, bai tsinke ba bai kuma faɗa haka kawai ba. Goge ya yi santsi, ɗauki hoto ka ga gindin katangar babu rata babu tudu.

Kafin ya tashi daga kujera ka yi masa bayani da harshen da zai riƙe. Ni cewa nake "Baba, haƙorin nan an gyara shi amma ba sabo ba ne, ƙashi da ƙanƙara da busasshiyar aya da fasa goro da ɓare rake a bar wa ɗaya gefen, buɗe kwalba da haƙori kuwa a daina gaba ɗaya". In Hajiya ce mai son taunar ƙanƙara lokacin zafi sai ka maimaita sau biyu. Ka gaya masa in ya ji wani ɗan kaifi da harshe, ko abinci ya fara maƙalewa, ko ya ji zafi in ya saki cizo, ya zo da wuri kar ya jira. Ya dawo bayan wata shida a duba bakin cikon, bayan shekara a ɗauki hoton saiwa. In rufin sama ya ɗan ɓalle ana kankare wurin a sake bondin a ƙara, ba sai an tone komai ba. In kuma daga baya ya samu hali ya ce yana son hula, cikon nan mai zare ba cire shi za ka yi ba, shi ne ginshiƙin da za ka sassaƙa ka ɗora ta a kai, sai dai ka tabbata bakin hular ya sauka a kan haƙori na gaske, milimita 1.5 zuwa 2 ta kewaye, ba a kan kompozit ba.